Akori-kura da Laimar Damina: Yadda Ake Tayar da Ita a Kaduna da Ingila

Motar akori-kura da ta kwana lafiya, aka wayi gari bayan ruwan dare ta ƙi tashi, matsala ce da direbobin Kaduna suka saba da ita daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ta fi tsananta a Agusta da Satumba, lokacin marka. A murɗa makulli, kik ya yi ta gurnani, injin na juyawa, amma wuta ta ƙi kamawa. Da hantsi ya dubi ludayi, rana ta daki bonet, sai motar ta tashi kamar ba ita ba. Wannan tashin na bayan fitowar rana shi ne babbar shaidar cewa laima ce ta kwantar da ita.

Asalin ciwon yana cikin hanyar da wuta ke bi a injin fetur. Batir na ba da bolt 12, kwayil ya ɗaga shi zuwa bolt 20,000 ko fiye, sannan distiribito ya raba wutar ta wayoyi zuwa ga kowane fulogi. Wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta da haƙuri. Duk inda ta sami hanya mafi sauƙi, nan take bi. Ƙurar hunturu da jar ƙasar da suka kwanta a kan murfin distiribito da wayoyin fulogi, suka cakuɗe da digon baƙin mai, ba sa cutar da komai muddin a bushe suke. Da zarar sun sha danshi sai su zama gada, wutar ta zurare ta kansu zuwa jikin injin kafin ta kai bakin fulogi. Ba sai ruwan sama ya taɓa wurin ba. Injin da aka kashe da zafi, idan ya huce cikin dare, iskar da ke cikin murfin takan zubar da raɓa, kamar yadda murfin tukunya ke yin gumi.

Irin motocin da ke aikin ƙarfi a arewacin kogin Kaduna su ne suka fi saukin kamuwa da wannan. Masana'antar Fijo ta Kakuri, a tsallaken kogi, ta fara haɗa motoci a 1975, kuma akori-kurar 404 da 504 da suka fito daga can har yau wasunsu na dakon buhuna, bulo da katako tsakanin Kawo, Mando, Tudun Wada da Rigasa. Dukkansu masu kafireta ne da distiribito. Hatta Hilux ɗin da ma'aikatu da kamfanoni ke amfani da su, yawancinsu na fetur ne.

A Kaduna magani na farko shi ne turi. Direba ya sa giya ta biyu, ya taka kuloci, samarin unguwa su dafa bayan mota, in ta yi gudu ya saki ƙafa. Turi na yin aiki ne saboda kik ba ya shanye ƙarfin batir a lokacin, don haka kwayil na samun cikakken rabonsa, tartsatsin ya yi ƙarfin da zai rinjayi ɗan yoyon da laima ta haddasa. Idan turi ya gagara, sai a kira bakanike, ya iso da yaronsa da 'yan sifanu a leda. Kafin ya taɓa komai yakan ce wa direba ya ba ta wuta, ya saurara. Kunnensa ne ke raba masa aiki: idan kik ya yi ƙas-ƙas kawai, maganar ta batir ce ko kan batir da ya yi kore, idan injin na juyawa da ƙarfi, sai a nemi tartsatsi. Yakan zare wayar fulogi ɗaya, ya kusantar da ita jikin injin. Shuɗin tartsatsi mai ƙara yana nufin wuta lafiya take, a koma wajen mai. Ja-ja mai rauni ko rashinsa baki ɗaya na nufin a buɗe murfin distiribito. Daga nan aikin na hannu ne: a goge ciki da busasshen tsumma, a shanya murfin a rana, a kankare kontak da sanfefa, a wanke fulogai da fetur, a zuba ruwan zafi a kan batir ya narkar da gishirin da ya taru. Abin da ya fi ƙarfin bakanike sai a miƙa shi ga rewaya, mai aikin waya, wanda sana'arsa daban ce, kamar yadda ta mai cajin batir take daban. Idan har sai an sauya wani abu, ana zuwa Panteka ko wajen masu sayar da kayan Beljiyam.

Wannan tsari na da daraja da ba a cika yaba masa ba. Mutumin da ya yi shekaru a ƙarƙashin ogansa yana iya gano ciwon mota cikin mintuna kaɗan ba tare da na'ura ba, ya tayar da ita ba a sayi komai ba.

A nan Ingila lamarin ya sha bamban tun daga yanayi. Ruwan da ke sauka a Kaduna cikin shekara ya haura milimita 1,000, kusan duka a wata shida. Na Landan bai kai 700 ba, amma yayyafi ne da hazo da ke bin shekara gaba ɗaya, tare da sanyi. Akori-kurar da manoma da magina ke hawa, irin su Ford Ranger, Hilux da Isuzu D-Max, kusan dukkansu na dizal ne, kuma injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi. Matse iska yake yi har ta yi zafin da zai kunna mai. Saboda haka idan irin wannan mota ta ƙi tashi da safiyar sanyi, ana zargin batir, ko hitar da ke ɗumama silinda, ko ruwan da ya taru a matatar mai. Batir ma hanyar mutuwarsa daban ce: a Kaduna zafin bazara ne ke ƙafar da ruwansa ya cinye shi a hankali, damina kawai ta tona asirinsa, a Ingila sanyi ne ke rage masa ƙarfi daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri.

A Ingila ba a cika ganin turi ba. Da yawa daga motocin masu giyar otomatik ne, ba sa tashi da turi. Abin da direba ke yi shi ne ya kira ƙungiyar da yake biya wa kuɗin shekara, irin su RAC da aka kafa a 1897 ko AA ta 1905. Ma'aikacinsu ya zo da motar kayan aiki, ya auna batir, ya jona kwamfuta a soket ɗin da dokar Turai ta wajabta wa motocin fetur tun 2001, na dizal kuma bayan 'yan shekaru, ya karanta lambar ciwon. Abin da ya lalace ba a kankare shi, cire shi ake yi a sa sabo. Dalilin na aljihu ne: a gareji ana cajin aiki da awa, kuma ladan awa ɗaya kan fi kuɗin wayoyin fulogi sababbi. A Kaduna kuwa kayan ne ke da tsada, hannun mai gyara ke da araha. Ga kuma gwajin MOT, wanda aka fara a 1960, da ke tilasta wa kusan duk motar da ta shekara uku shiga gareji sau ɗaya a shekara.

Sai dai Ingila ma ta sha wannan wahala a da. Motar Mini da ta fito a 1959 distiribitonta na gaba ne, daf da ragar da iska ke shiga, ta yi ƙaurin suna wajen mutuwa cikin ruwan sama, har masu ita suka riƙa sa masa safar hannu ta roba, wayoyi su fita ta yatsun. Maganin feshi na WD-40, da aka haɗa a San Diyego ta Amurka a 1953, sunansa ma na nufin korar ruwa. Abin da ya kawar da ciwon shi ne sauyin ƙirar inji: daga shekarun 1990 aka fara barin distiribito, aka koma ɗora wa kowane fulogi kwayil ɗinsa a rufe.

Irin waɗannan sababbin motoci sun cika Kaduna yanzu, kuma a nan ne wasu ɗabi'un gareji ke zama cuta. Wayar da aka yanke aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif, tsohuwar 504 na iya jure mata, amma siginar da ke zuwa birenbos, wato kwamfutar mota, daga na'urar auna juyawar inji ƙanƙanuwa ce, tsatsa kaɗan ta ishe ta ɓacewa. Haka murfin roba da ake cirewa a jefar don wai ba shi da amfani, da fiyus da ake maye gurbinsa da zaren waya, da wankin inji da ruwa mai ƙarfi a wurin wankin mota. Zuba fetur a bakin kafireta ana ba da wuta kuwa ganganci ne da ke iya tayar da gobara. Mafi yawan tsayuwar watan Agusta ana iya tare ta tun a Afrilu: a wanke wayoyin fulogi, a sauya murfin da ya tsage, a ɗaure kan batir a shafa masa giris, a goge wayar da ke haɗa batir da jikin mota, a daina barin tanki wayam tunda iskar cikinsa ma na zubar da raɓa.

Motar da ta shiga ambaliya, kamar yadda kan faru a unguwannin bakin kogi irin su Kigo da gefen Unguwan Rimi, hukuncinta daban ne. Ba a ba ta wuta, ba a tura ta, domin ruwa ba ya matsuwa. In ya shiga silinda, sandar fistin ce za ta lanƙwashe. Kanikawan Kaduna kan cire fulogai, su juya injin ya fesar da ruwan, su sauya baƙin mai da matatar iska, su shanya abin da zai shanyu. A Ingila da Amurka kamfanin inshora kan biya mai motar ya sa ta a gwanjo. Wasu daga cikin na Amurka, da yake sitiyarinsu na hagu ne kamar na Najeriya tun 1972, sukan biyo jirgin ruwa su sauka a Legas ko Kwatano, fes da su a ido, tsatsa na ɓoye cikin mahaɗar wayoyinsu, ba ta bayyana sai sun ga daminarsu ta farko.