Kaya Ba Sa Sayar da Kansu



A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita ga abubuwa biyu. Yarinyar da ta ɗora faranti a ka tana zaga layi tana kiran gyaɗa, talla take yi. Kamfanin da ya biya gidan rediyo kuɗi don a yabi sabulunsa, shi ma talla yake yi. Dukkansu abu ɗaya suke nema: mai saye ya san akwai kayan, ya san inda zai same su, ya kuma san nawa ne.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun zamanin kakanni akwai dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin atamfa da kwanuka, tana nuna wa matan aure abin da ba za su fita kasuwa su gani ba. Har yau duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano zai ji yaran shago suna kiran sa ta ko'ina, alhali yadin da ke wannan shago yana nan a na kusa da shi. Wanda ya iya kira shi ke yin ciniki. Tun da Freedom Radio ta fara aiki a Kano a 2003, wasu tashoshi masu zaman kansu suka biyo baya, ƙaramin ɗan kasuwa ma ya samu inda zai kai muryarsa. Yanzu kuma ga WhatsApp da Facebook a hannun mutane da yawa.

Ni dai a gidanmu na ga amfanin talla. Umma tana yin yajin daddawa da ƙuli-ƙuli, kuma duk wanda ya ɗanɗana sai ya yaba. Amma sai robobin su yi mako biyu a kan kanta, don ban da maƙwabta babu wanda ya san ana yi. Wasu suka ba ta shawara ta ɗora mini talla ni da ƙanwata, mu riƙa zagawa tasha da bakin kasuwa da safe. Umma ta ce ba za ta sayar da karatunmu a kan ribar ƙuli-ƙuli ba.

Sai yayata ta kawo dabara. Ta je shagon buga takardu aka yi mana 'yan ƙananan takardu masu ɗauke da sunan kayan da lambar wayar Umma, muka manna a jikin kowace roba. Ta riƙa ɗaukar hoto da rana a wuri mai haske tana sawa a WhatsApp tare da farashi. In ana biki ko suna a dangi, Umma takan tafi da ɗan kaɗan a ba mutane su ɗanɗana. Yajin bai canza ba, ƙuli-ƙulin ma haka. Abin da ya canza shi ne mutane sun sani. Yanzu ta waya ake kira, mai adaidaita sahu ya kai. Da wannan ciniki aka biya wa yayata kuɗin jarrabawar NECO, mu kuma ba mu taɓa rasa darasi saboda talla ba. Gaskiyar Bahaushe da ya ce in kana da kyau ka ƙara da wanka.

Sai dai talla tana da iyaka. Ita ke kawo mai saye karo na farko, amma ingancin kaya ke dawo da shi karo na biyu. Kowa ya san masu sayar da magani da lasifika a tasha, waɗanda ke cewa kwalba ɗaya tana maganin basir da shawara da ciwon suga gaba ɗaya. Irin wannan talla tana cinye kuɗin talaka, wani lokaci har da lafiyarsa. Shi ya sa gwamnati ta kafa hukumar NAFDAC a 1993 don sa ido kan abinci da magunguna, akwai kuma hukumar ARCON mai kula da harkar tallace-tallace, wadda ta maye gurbin APCON a 2022. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka cuta sau ɗaya ba zai dawo ba, kuma sai ya gaya wa wasu.

Don haka ina da kira guda biyu. Idan za ku sayi abu, kada daɗin bakin mai talla ya ishe ku: ku duba lambar NAFDAC da ranar da kayan za su lalace, ku tambayi wanda ya taɓa amfani da su. Idan kuma ana wata sana'a a gidanku, ku da kuka iya rubutu ku taimaka. Ku rubuta wa iyayenku talla gajera ta gaskiya: mene ne kayan, nawa ne, ina ake samu. Wataƙila wannan 'yar takarda ta sauke faranti daga kan ƙanwar wani, ta dawo da ita aji.

Daga wata ɗaliba 'yar aji biyar,
Ƙungiyar 'Yan Jarida