Teku a Cikin Kwano a Minna

Da na sauka Minna, babban birnin Jihar Neja tun 1976, na leƙa wata makarantar firamare kusa da Kogin Chanchaga, inda ba yaron da ya taɓa ganin teku. Malama ta narkar da gishiri giram 35 cikin ruwa lita ɗaya, ta ce haka ruwan teku yake. Yara suka ɗanɗana, suka yamutsa fuska. Sannan suka zana hanyar ruwan sama a ƙasa: daga kwatar unguwa zuwa Kogin Kwara, ta Baro da Lakwaja, har Tekun Atlantika. Wani yaro ya tambaya ko ledar da ya yar can za ta. Malama ta ce, "Ƙwarai kuwa." Da aka tashi tara, sai na hango shi yana tsince ledojin filin makaranta.