Wasiƙa Zuwa ga Yaya a Kan Hanyar Garinmu

Assalamu alaikum Yaya,

Inna tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi, alhamdu lillahi. Saƙonka ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Maganar hanya ce ta sa na rubuto maka. Dattawa sun sake kai kuka, aka ba su amsar da aka saba: wai garinmu ƙarami ne, jama'arsa ba ta kai a kashe mata kuɗin titi ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin da lissafin yaushe ake auna mu? Rabon da a ƙidaya mutane a Najeriya tun 2006, lokacin da aka ce Jigawa tana da mutum sama da miliyan 4. Ƙidayar da aka shirya a 2023 an ɗage ta. Jariran da aka goya a 2006 yau su ne ke noman shinkafa a fadama, wasunsu har sun yi aure.

In ma mun ragu, ai rashin hanyar ne ya rage mu. Kai kanka ka san abin da ya kai ka Kano. Yaro ya gama firamare, sakandare tana nesa, sai a tura shi Hadeja wajen dangi, daga nan ya zama ɗan birni. Malamin da aka turo mana ba ya son zama, ma'aikacin lafiya haka. Samari su tafi ci-rani, su ga inda mota ke tsayawa a ƙofar gida, su ƙi dawowa.

Tsohon burjin da Baffa ke cewa an zuba zamanin DFRRI, hukumar da Babangida ya kafa a 1986, ruwa ya cinye shi. Ambaliyar 2022 ta tafi da kwalbatin bakin gari. Yanzu daga Yuli zuwa Satumba sai kwale-kwale, shi ma kachala ta toshe masa mashigi. Ranar kasuwa za ka ga mata sun tattare zani, ƙwarya a ka, suna ratsa taɓo har gwiwa. Mai naƙuda kuwa a amalanke ake ɗora ta, a shimfiɗa tabarma, shanu su ja ta zuwa bakin kwalta, sannan a fara neman mota.

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024. Ɗan acaɓa ba zai shigo mana ba sai an biya shi kuɗin zuwa da komawa. Mai a-kori-kura ya ce hanyar tana kashe masa mota. Saboda haka dillali ke zuwa da kaka ya yanka wa buhun shinkafa kuɗin da ya ga dama, mu sayar, don ba mu da yadda za mu fitar da shi.

Ga abin da muka yanke. Mu matasa za mu bi gida-gida tare da Bulama, mu rubuta kowane magidanci da iyalinsa, da 'yan makaranta, da buhunan da aka noma bana, mu haɗa takarda mu kai wa kansila da ɗan majalisarmu. Kafin nan za mu yi gayya mu cike ramukan da rani. Ƙarfi muna da shi, abin da ya fi ƙarfinmu shi ne siminti, rodi da kuɗin tipar marmara.

Don Allah Yaya, ka kai maganar nan taron 'yan garinmu na Kano, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka kuma aiko mana da sunayen duk waɗanda ke can, mu sa su a takardar, a ga yawan mutanen da hanyar nan ta raba da gida. Muna son a zuba kwalbatin kafin ruwan farko, don haka ina jiran amsarka kafin ƙarshen wata.

Ka gaida matarka da yara. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Ƙaninka