Dokin Ƙarfe: Yadda Iyayenmu Suke Zaɓe

Wanda ya yi wayo a ƙasar Funtuwa kafin shekarun 1980 zai tuna cewa sayen keke hidima ce ta shekara guda. Tun ana shuka ake zancensa, a ci gaba da zancen ana noma, sai an tsinci auduga an kai fuloti an auna, kuɗi sun shigo hannu, sannan maigida zai sa rana. A kakar 1975 mahaifina ya sa tasa ranar, kuma bai tafi kasuwa shi kaɗai ba. Ya ɗauki mai gyaran keken garinmu, wani dattijo da baƙin mai ya riga ya zauna a tsagar farcensa, ni kuma aka bar ni na bi su don in riƙe jaka.

Kekuna na jere, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli. Ga Raleigh, wanda muke kira Rale, da tambarinsa na kan zalɓe, sunan da ya taso daga Nottingham ta Ingila har ya kai ga ana haɗa shi a Kano. Ga Phoenix na ƙasar Sin, mai sauƙin kuɗi. Dattijon nan bai kalli fenti ba ko sau ɗaya. Ya tsuguna, ya bi kowace mahaɗa ta firam da yatsa, ya ƙwanƙwasa bututun da ɗan sifana ya kasa kunne, ya ɗaga ƙafar gaba ya juya ta yana kallon ko za ta yi rawa tsakanin birki, sannan ya koma baya ya rufe ido ɗaya ya hango ko tayoyin biyu suna kan layi guda. Da ya gamsu sai ya ce, "Malam, taka ka tsaya a kansa." Mahaifina ya tattare riga ya ƙetara firam. Dattijon ya girgiza kai. "Wannan inci 24 ne, na dogaye ne. A kawo mana 22." Mai kanti ya so ya ja magana, wai babba ya fi kwarjini, aka ce masa ai mai keken ne zai hau, kwarjini ba ya taka feda.

Yau a hoton waya ake zaɓen keke.

Ralen da mahaifina ya saya ranar nan ya kai buhun masara injin niƙa, ya kai mahaifiyata asibiti a kan kariya tana riƙe da ƙanwata, ya je kasuwar Bakori ya dawo sau ba adadi, kuma a cikinsa mu bakwai muka koyi tuƙi, ƙafa ɗaya a soke ta ƙarƙashin firam, jiki a karkace, hannu na riƙe da sirdin da ba mu isa hawa ba. Wata damina ya faɗa rami da kaya, fok ɗin gaba ya lanƙwashe. Ba a jefar da shi ba. An kai shi gindin bishiyar dalbejiya, aka miƙe shi da guntun bututun ruwa, inda ya tsage aka kai wa mai walda ya ɗinke da jan ƙarfe, kafin la'asar ya koma hanya. Abin da ƙarfe ya gada ke nan: yana lanƙwasa kafin ya karye, yana nuna maka ciwonsa tun da sauran lokaci, kuma duk garin da ke da mai walda yana da likitansa.

Abin da ya tono mini wannan tarihi shi ne ɗan ƙanwata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da yawa sun koma wa keke, shi ma ya tara kuɗi ya sayi nasa na zuwa makaranta. Ya shigo da shi gida yana murna: "Kawu, giya 21 gare shi, ga sifirin gaba da baya." Ja ne mai walƙiya, da rubuce-rubuce a kowane gefe. Na ɗaga shi, ya fi na mahaifina nauyi. Na ce ya tsaya a kansa, sai da ya yi ɗage. Wata biyar bayan haka sifirin ɗin baya ya fara kuka, mahaɗarsa ta yi sako-sako, giya bakwai kawai ke shiga, yaron kuma kullum yana dafe da ƙugu.

Ya kamata matasa su san cewa wannan keke mai giya da ƙatuwar taya, wanda Turawa suka yi don hawan duwatsu, shi ma ɗan gidan ƙarfe ne. A shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn na zamanin iyayensu, suna gangarowa da su daga tsaunukan yankin Tamalpais, domin su kaɗai ne ke jure dukan dutse. A 1976 suka fara wata tsere da suka kira Repack, wato sake cusawa, saboda zafin birki kan ƙone girisin da ke cikin cibiyar taya, sai an sake cusa wani bayan kowace gangara. A 1977 ɗayansu, Joe Breeze, ya ƙera firam na musamman don wannan aiki, da ƙarfe. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper, wanda ya kai irin wannan keke kantuna da yawa, shi ma da ƙarfe, babu sifirin ko ɗaya. Abin da samarin can suka nema shi ne abin da dattijon garinmu yake nema da yatsarsa: firam da zai sha wuya ya dawo gida.

Sai dai ƙarfe suna ya tara. Akwai na gama-gari, mai kauri da nauyi, wanda ake yin kekuna masu araha da shi. Akwai kuma wanda aka gauraya da sinadaran kuromiyam da molibdinam, za ka ga an manna masa takarda a bututun da ke ƙarƙashin sirdi an rubuta Cr-Mo ko lamba 4130. Wannan ya fi ƙarfi, don haka ana iya sirantar da bangon bututunsa, keken ya yi sauƙin ɗauka, ya kuma riƙa shanye girgizar hanya. Masu kyau a cikinsu bakin bututun ya fi tsakiyarsa kauri, domin a mahaɗa ne wahala take taruwa, dabarar da kamfanin Reynolds na Birmingham ya yi wa rajista tun 1897. Firam na alminiyam kuwa za ka gane shi da kumburarrun bututu. Bai da nauyi, ba ya tsatsa, amma idan ya gaji tsagewa yake yi, kuma mai waldar bakin titi ba shi da kayan ɗinke shi yadda zai riƙe. Mai shakka ya tafi kasuwa da ɗan maganaɗisu a aljihu: in ya manne ƙarfe ne, in ya faɗi alminiyam ne.

Awo kuwa shi ne abin da ba ya gyaruwa. Taya za a canja, sarƙa za a canja, sirdi za a ɗaga ko a sauke, amma firam da ya fi ƙarfinka ya fi ƙarfinka har ranar da za ka rabu da shi. Ana auna shi daga tsakiyar inda feda ke juyawa zuwa bakin bututun sirdi, kuma lambobin keken duwatsu sun fi na Rale ƙanƙanta, daga wajen inci 15 zuwa 21. Mai matsakaicin tsayi, kamar santimita 170, yawanci inci 17 ke yi masa, wanda ya kai 180 ya duba 19. Kada a rikita wannan da girman taya, wato 26 ko 27.5 ko 29, domin wasu masu sayarwa lambar taya suke faɗa maka. Lamba dai jagora ce, jiki ne alƙali. Ka ƙetara firam ka tsaya, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a samu ratar yatsu uku ko huɗu tsakaninka da bututun sama. Ka hau sirdi ka ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe ba tare da ƙugu ya karkata ba. Ka kama kan keken, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, ba ka miƙe kamar mai ɗebo ruwa a rijiya ba. Idan sai an zaro sandar sirdi ta wuce layin da aka zana mata kafin ƙafarka ta sake, keken ya yi maka kaɗan.

Ba zan ce komai na da ya fi na yanzu ba. Rale nauyi gare shi, giyarsa ɗaya, a hawa sai ka sauka ka tura, a yashi siririyar tayarsa nitsewa take yi, birkinsa na sanda kuma in ruwan sama ya jiƙa shi sai addu'a. Ƙarfe ma yana da abokin gaba, tsatsa, mai ci daga ciki, shi ya sa ba a barinsa ya kwana a ruwa. Keken yanzu ya magance da yawa daga cikin waɗannan. Abin da muka yar a hanya shi ne haƙurin dubawa.

A hutun da ya wuce na ɗauki yaron muka tafi wurin 'yan gwanjo. Muka wuce masu ƙyalli, muka tsaya a kan wani koɗaɗɗen shuɗi mai taya 26, babu sifirin, giyarsa ta kamfanin Shimano. Na sa shi ya shafa ƙarƙashin bututu daf da wuyan keken, domin a nan fenti kan tattare idan an taɓa yin karo. Na sa ya kifa shi ya duba tsatsa a gindin feda, ya kwance sandar sirdi ya tabbatar ba ta kafe a ciki ba, ya koma baya ya rufe ido ɗaya. Maganaɗisu ya manne. Da ya ƙetara ya tsaya, na sa yatsuna huɗu, suka shige. Ya ce, "Kawu, amma fa ya tsufa." Na ce masa da tsohuwar zuma ake magani.

Na mahaifina yana nan a hannun ƙanena a ƙauye. An canja masa taya da sarƙa da sirdi har ba a san adadi ba, zalɓen ya goge, ɗinkin jan ƙarfen nan kuwa yana nan a fok ɗinsa. Ranar kasuwa shi ke kai buhu.