Asibitin da Kwamfuta Ta Ƙi Gogewa

Duk wanda ya yi aikin tattara alƙaluman lafiya a yankin Bakura, Talata Mafara da Maradun ya san farkon wata ba lokacin hutu ba ne. A makon ne masu kula da ƙananan asibitoci ke shigowa gari bisa babura, kowa da fom ɗinsa a cikin leda saboda ƙura ko ruwan sama: mata nawa suka zo awon ciki, yara nawa aka yi wa allurar Penta, mutum nawa gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro a jininsu. Ina cikin masu karɓar takardun nan a Bakura, kuma a gabana aka sauya mana tsari zuwa manhajar DHIS2, wadda Najeriya ta rungume ta a wajajen 2013.

Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ce ke kula da manhajar, ko da yake a Afirka ta Kudu aka dasa tushenta cikin shekarun 1990. Abin da ya fara ɗaure mana kai shi ne ba ta barin mutum ya rubuta sunan asibiti da hannunsa. Sai dai ka zaɓa daga jerin da aka riga aka kafa: ƙasa, jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sannan asibiti. Ga Zamfara da ƙananan hukumominta 14, ga Bakura da mazaɓunta 10, su Rini da Damri da Dakko da Birnin Tudu. Da fari mun ɗauki abin a matsayin takura. Amma mu ne kuma muka san wahalar da, lokacin da wani zai rubuta 'Yarkofoji a haɗe, wani a rabe, wani da wasali dabam, in an zo haɗa lissafi wuri ɗaya ya koma uku.

Wani matashi da ya horar da mu a Gusau ne ya buɗe mana cikin abin. Ya ɗauki alli ya rubuta 40 a allo, ya ce, “Malamai, arba'in ɗin mene ne wannan?” Ba wanda ya tanka. Ya zana akwatuna huɗu. Na farko jadawalin wurare ne, kowane asibiti da mazaɓarsa da ranar buɗe shi. Na biyu jadawalin abubuwan da ake ƙirgawa. Na uku na watanni. Na huɗu, wanda ya fi su duka girma, alƙaluma ne zalla, ba suna ko ɗaya a ciki, sai lambobin da ke nuni zuwa sauran ukun. Ta haka 40 ke zama mata 40 da suka zo awon ciki a asibiti kaza cikin watan Yuni. Ya ce rumbun da ke riƙe da su PostgreSQL ne sunansa, dabarar kuwa Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da ita tun 1970. Kowane asibiti yana da lambar shaida mai haruffa da lambobi 11 da ba ta canzawa, shi ya sa Nasarawa ta Bakura ba ta taɓa cakuɗewa da wata Nasarawa a faɗin ƙasar nan. In aka gyara suna a jadawalin wurare, gyaran kan bi dukkan rahotanni, kamar yadda ruwan madatsar Bakolori ke fita daga babbar hanya ya ratsa ƙananan har gonar ƙarshe.

Ban san nauyin wannan bayani ba sai da ɓarayin daji suka fara tayar da ƙauyuka. Akwai wani ɗakin shan magani da mai kula da shi bai taɓa makara da fom ba. Wata rana ya zo hannu rabbana, ya zauna a benci ya ce, “Malam, garin ya watse. Ni ma iyalina suna Mafara.” Daga wannan wata layin asibitinsa a manhajar ya zama wayam. Ita kuwa manhajar tana lissafa yawan rahotannin da aka kawo ne a kan waɗanda take jira, don haka duk wata sai makinmu ya sauka saboda asibitin da ba kowa a cikinsa.

Wani babba daga cikin masu zuwa duba aiki ya ce a share shi kawai a huta. Wani kuma ya ce a riƙa cika sifili. Na ce, “Yallaɓai, sifili na nufin an buɗe ƙofa ba wanda ya zo. Nan kuwa ƙofar ce babu mai buɗewa.” Muka kira matashin nan a waya. Ya ce ko masu riƙe da makullin tsarin a Abuja ba za su iya goge asibitin ba, domin rumbun ba ya yarda a cire wurin da alƙaluma ke jingine da shi, sai in an fara share kowace allura da kowace haihuwa da aka taɓa rubutawa a can. Hanyar da ta dace ita ce a cike gurbin ranar rufewa, tarihinsa ya tsaya yadda yake, a daina jiran fom daga gare shi.

Wannan ƙin da kwamfuta ta yi ya kwanta min a rai, har yau. Yaran da aka yi wa rigakafi a ɗakin nan mutane ne, suna nan a raye a gidajen dangi, kuma ranar da garin ya dawo za a buƙaci sanin inda aka tsaya.

A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya da intanet a Zamfara baki ɗaya. Fom ya taru a kabad, wasunmu har Sakkwato suka riƙa zuwa neman sabis. Da aka dawo da layi muka shigar da komai, kowane adadi ya faɗa watansa da wurinsa, saboda jadawalan tushe ba su motsa ba. A watan Mayu na 2022 kuma aka kai hari Damri da Sabon Gari da Kalahe, aka kashe mutane da dama, layukan wasu asibitoci a manhajar suka sake yin shiru.

Roƙona ga masu riƙe da jerin asibitoci a Gusau da Abuja shi ne su riƙa sauraron ma'aikatan ƙananan hukumomi da wuri. Asibitin da ya rufe a rubuta ranar da ya rufe, wanda ya sake buɗewa a rubuta tasa ranar, kada a bar mai rabon magani da allura yana aiki da jerin shekarun baya.