Sunan da Na'ura Ta Raɗa

Jama'a, kowa ya san al'adarmu. Jariri in ya zo duniya, tun kafin ranar suna mata sun laƙaba masa sunan rana, ko Ɗanjuma ko Ɗanladi, ko Talatu ko Asabe. Amma ba uban da zai tsaya nan, don kuwa Ɗanjuma ya fi ɗari a gari. Sai ran bakwai a tara mutane, a raba goro, a raɗa masa na yanka.

To, ashe kwamfuta ma tana da nata sunan rana. In ka buɗe sabon shafi a Microsoft Word sai ta kira shi Document1. In ka zo ajiyewa, sai akwati ya fito da suna a rubuce, wanda ta tsinto daga kalmomin farko na rubutunka. In da wani mai wannan suna a wurin, sai ta tambaye ka ko a ɗora sabon a kan tsohon. Nan ne na yi asarar da har yau ban manta ba.

Masu karatu za su tuna ran 29 ga Oktoba, 2014, 'yan Boko Haram suka kama Mubi, har suka sake mata suna Madinatul Islam. Vimtim ma, mahaifar marigayi Alex Badeh, wanda a lokacin shi ne Babban Hafsan Tsaron ƙasa, ta faɗa hannunsu. Mutane suka watse, waɗansu duwatsu, waɗansu Kamaru, waɗansu Yola. Cikin Nuwamba aka ƙwato Mubi, ta koma sunanta.

A 2015, ina ɗan sabon shiga aikin jarida, aka aike ni in ga waɗanda suka komo gida. A Vimtim na sami wani dattijo zaune a ƙofar gidansa. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, labarin gudu na zo ji." Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, gudu kowa ya yi. Rubuta mini sunayen waɗanda ba su komo ba." Ya dinga lissafa su ɗaya bayan ɗaya, da sunan uba da unguwa, ni kuwa ina bugawa kai tsaye a kwamfuta, don ina taƙama na wuce zamanin biro da takarda.

A lokacin, kowane labari nakan fara shi da "Daga Mubi". Saboda haka sunan da na'ura ta ba hirar ke nan, ni kuma na amince ban duba ba. Kashegari na rubuta labarin farashin shanu a kasuwar Mubi, na fara shi da waɗannan kalmomi. Edita yana ta kira, maraice ya yi. Akwati ya fito, ya yi tambayarsa, na danna amincewa. Shi ke nan, farashin shanu ya hau kan sunayen mutane.

Na kai wa masu gyara, suka yi iyakar ƙoƙarinsu, ba a dace ba. Kunya ta hana ni komawa da wuri. Sa'ad da na koma bayan damina, sai aka ce Baba ya riga mu gidan gaskiya.

Ban ga laifin na'ura ba, ai ta tambaye ni. Tun daga Windows 95 aka daina ƙuntata suna a haruffa takwas, aka ba mu filin haruffa har 255, amma gaggawa ta sa na bar amanar dattijo da sunan rana.

Yanzu kafin in rubuta kome, layin farko nakan sa shekara da wata da rana, sa'an nan gari da batu, don sunan da za ta miƙo mini ya zama nawa ne. Littafin aljihu kuma ba ya rabuwa da ni. Abokan aiki, musamman matasa, ku tsaya ku karanta akwatin nan kafin ku danna. Allah ya jiƙan Baba, da waɗanda ya lissafa mini.