Kwana Uku a Iskandariyya: Ruwan Hunturu da Bangon Busiri

A ƙasar Hausa hunturu da ruwan sama ba sa haɗa hanya. Idan hazo ya rufe gari, leɓe ya tsage, kaushi ya fito, to manomi ya riga ya kai amfaninsa rumbu, babu mai ɗaga kai neman hadari sai bayan wata huɗu ko biyar. Shi ya sa da muka sauka daga jirgin ƙasa a tashar Sidi Jabir ta birnin Iskandariyya a makon ƙarshe na Disamba, muka tarar ana sheƙa ruwa ga kuma sanyi mai ratsa ƙashi, autarmu 'yar shekara 6 ta riƙo hannuna ta ce, "Abba, su nan damina da hunturu tare suke zuwa?" Na ce mata haka Allah Ya tsara musu. A gaɓar Bahar Rum ruwan shekara a lokacin sanyi yake sauka, lokacin zafi kuwa ƙasa a bushe take ƙamas.

Taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Alƙahira. Da na ga ya dace da hutun makarantar yara, sai muka tattara abin da muka daɗe muna tarawa, muka tafi mu biyar, ni da uwargida da yara uku. Wani abokin aikina da ya ji labari ya tambaye ni ko wani ne ba lafiya a gidan, domin a saninsa Bahaushe ba ya kwasar iyali zuwa Masar sai asibiti ko karatu. Da na ce hutu ne kawai, ya yi murmushin da na gane fassararsa: almubazzaranci. Ban ga laifinsa ba, ni ma da na lissafa kuɗin jirgi da naira sai da gabana ya faɗi.

Tsakanin Alƙahira da Iskandariyya kimanin kilomita 220 ne, tafiyar da ba ta kai awa uku ba a jirgin ƙasa mai sauri. Misirawa da zafi suke cika garin, su taho daga ko'ina neman iskar teku. Da sanyi kuwa garin na masu shi ne, masauki ya yi araha, rairayin bakin ruwa babu kowa sai kujeru da aka kife. Mun sami ɗaki a wani tsohon bene mai kallon titin gaɓa da suke kira Kurnish, wanda ya miƙe fiye da kilomita 15 daga tsohuwar tashar jiragen ruwa zuwa lambun Muntaza.

Yarana ba su taɓa ganin teku ba. Babban ruwan da suka sani shi ne madatsar Tiga. Da gari ya waye muka buɗe taga, sai suka yi tsit. Ruwan ba shuɗi ba ne kamar na hoton kalanda. Launin toka gare shi, yana tasowa kamar gini, ya daki katangar titi, feshinsa ya tsallake ya jiƙa motocin haya masu launin baƙi da rawaya. Mai shayin da ke ƙasan benenmu ya ce mun zo a kan nawwa. Haka suke kiran guguwar sanyi mai tafe da ruwa, kuma kowace da sunanta da lokacinta: akwai Ƙasim a farkon Disamba, akwai Faida ƙarama da Faida babba, akwai ta shigowar sabuwar shekara. Masunta sun haddace jerinsu kaka da kakanni, sun san ranar da ba a fitar da kwalekwale. Nan take na tuna da tsofaffin manomanmu masu lissafin taurari, waɗanda kan faɗa maka ranar shuka ba tare da sun saurari rediyo ba.

Da ruwa ya tsagaita muka nufi sansanin Ƙaitabai, wanda Sarkin Masar Ƙaitabai ya fara ginawa a 1477 a daidai inda shahararriyar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa ta tsaya sama da shekara dubu kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. A nan babban ɗana, mai shekara 14, ya zama jagoranmu. Ya karanta kowane allon bayani na Ingilishi, ya ƙara da abin da ya sani: cewa Iskandar na Makidoniya ne ya kafa birnin a shekara ta 331 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), cewa hasumiyar ta haura mita 100, cewa masu ninƙaya sun gano duwatsunta a ƙarƙashin ruwa. Na ji daɗi ƙwarai, har na dubi mahaifiyarsa da irin kallon nan na kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. A gindin sansanin an jibge manyan tubalan kankare don tare igiyar ruwa, domin tekun yana cin garin a hankali.

Sai dai ni ba don Iskandar na zo ba. Iskandariyyar da nake ɗauke da ita a kaina ta zauren mahaifina ce. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu a Kano ko Zariya ko Sakkwato ya sha ruwan wannan gari, ko ya sani ko bai sani ba. A nan Abubakar Ɗurɗushi, mai littafin Sirajul Muluk da malaman jihadi suka yi amfani da shi wajen bayanin mulki, ya zauna ya karantar har ya rasu a 1126. A nan Ibnul Hajib ya rasu a 1249, wanda Shehu Halil ya yi wa littafinsa sharhi kafin ya rubuta Muhtasar da alƙalanmu suka yi ƙarnoni suna hukunci da shi. Ibnu Aɗa'illah mai Hikam ɗan garin ne. Sama da duka a wurina, a nan masallacin Imam Busiri yake, mai Burda da Hamziyya.

Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ba babban malami ba ne. Tela ne. Amma ya haddace Burda tun daga farko har ƙarshe, baiti wajen 160, kuma kowace asubar Juma'a muryarsa ce ke tashe mu. A watan Maulidi kuwa sai a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, shi da abokansa su raba dare, mu yara muna amshi har barci ya sace mu. Daga bakinsa na ji labarin yadda shanyewar jiki ta kama Busiri, ya tsara ƙasidar, ya yi mafarkin Manzon Allah (SAW) ya lulluɓe shi da mayafinsa, ya farka lafiya. Bai taɓa fita Najeriya ba sai aikin Hajji sau ɗaya, amma yana ambaton Iskandariyya kamar wata unguwa ce a bayan Kurmi.

Ranar ta biyu, bayan azahar, muka shiga dandalin masallatai a unguwar Anfushi. Babban masallacin wurin shi ne na Abul Abbas al-Mursi, malamin Busiri, mutumin Andalus da ya rasu a 1287. Ginin da ake gani yanzu an kammala shi ne a shekarun 1940, kuma abin mamaki masu zanen gini 'yan Italiya ne suka tsara shi. Na Busiri yana gefe, ƙarami, ba ya ɗaukar ido. Na san akwai masu karatu da za su ɗaure fuska da jin an ambaci masallaci mai kabari, akwai kuma masu ja da wasu baitocin Burda. Wannan muhawara ce da malamai suka daɗe suna yi, ni ma na ga abubuwa a wurin da ban yi ba kuma ba zan yi ba. Ba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Uwargida da 'yan matan suka shiga ɓangaren mata, ni da yaron muka yi sallah. Da na ɗaga kai sai na ga baitocin Burda a rubuce a jikin bango, sun zagaye wurin. Ban san lokacin da bakina ya fara motsi ba. Shekara fiye da ashirin rabona da karanta ta, amma sai ga ta tana fitowa da karin mahaifina, har da inda yake jan numfashi. Wani dattijo da ke zaune jikin ginshiƙi da carbi ya matso ya tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ya ce, "Har can ta kai?" Na ce ta kai tun kafin kakan kakana. Sai ya jawo baiti, na kawo na gaba, ya kawo na bayansa, muka yi ta yi kamar masu miƙa wa juna ƙwarya. Karinsa daban, nawa daban, kalmomin ɗaya.

Can sai ya juya ga ɗana, ya jawo rabin baiti, ya buɗe tafin hannu yana jiran cikon.

Yaron ya dube shi, ya dube ni. Na nuna masa bango, ga baitin nan a sama da kansa. Ya ƙura ido. Yana karanta Alƙur'ani daidai gwargwado, yana zuwa Islamiyya Asabar da Lahadi, amma wannan rubutu mai sarƙaƙiya ya gagare shi, kuma ko da ya haɗa baƙaƙen ba zai san abin da suke cewa ba. Dattijon ya dafa kansa ya yi masa addu'a, ya ce yaro ne, zai koya. Ni kuwa na ji kamar an tuɓe mini hula a tsakiyar kasuwa.

Da muka fito na kasa riƙe bakina. Na ce masa, "Jiya ka cika mu da labarin Girkawa, yau ga abin kakanka ka tsaya kamar gunki." Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Abba, ni ban taɓa jin ka karanta ta ba. Yau na fara sanin ka iya."

Na nemi amsa na rasa. Muka taka a bakin ruwa har wurin wani mai gasa dankali a kura, irin mai zaƙin nan namu, na saya wa kowa, muka ci da zafinsa muna kallon masunta na ɗinke koma. Uwargida da ta ji abin da ya faru ba ta goyi bayana ba. Ta ce, "Malam, yaushe kake gida da asubar Juma'a ba ka kan takardun ɗalibai?"

Gaskiya ta faɗa. Mu malaman jami'a mun iya ɗora laifi. Na sha tsayawa a taro ina kukan cewa 'ya'yanmu sun yanke da tushensu, ina zargin manhajar makarantu da wayar hannu da finafinai. Ban taɓa lissafa nawa kason ba. Mahaifina da ke taka keken ɗinki daga safe zuwa magariba ya sami lokacin zuba mini baiti 160 a kunne ba tare da ya taɓa zaunar da ni da sunan darasi ba. Yana yi ne kawai, ina ji. Ni da ake kira dakta na duba kundin digirin 'ya'yan mutane da ba su ƙirguwa, na gyara musu waƙafi da aya, amma ɗan cikina ya kai shekara 14 bai san akwai wannan abu a bakina ba. Kuma da ba mu yi wannan tafiya da abokina ya ɗauka almubazzaranci ba, da ban gano ba, domin rabon da in yi kwana uku cur tare da su, babu lacca babu taron sashe, har na manta.

Ranar ƙarshe muka je sabon ɗakin karatu na Iskandariyya, wanda aka buɗe a 2002 don tunawa da tsohon da ya ɓace. Gini ne kamar faifai da aka jingina yana fuskantar teku, bangonsa na dutsen Aswan an sassaƙa masa haruffa daga tsarin rubutu kusan 120. Zauren karatunsa na ɗaukar mutum 2,000, hawa-hawa kamar matakala. Da a ce kwana biyu kafin nan na shiga, da na fito da dogon sharhi a kan yadda gwamnatocinmu suka yi watsi da ɗakunan karatu, kuma da ban yi ƙarya ba. Amma a ranar bakina ya yi nauyi. A sashen rubuce-rubucen hannu na ga yaron ya daɗe a gaban wani gilashi yana bin layi da yatsa, ya haɗo kalma biyu ya waiwayo ko daidai ne. Ɗaya daidai, ɗaya kuskure.

Da dare muka ci kifi a Anfushi, irin wurin da za ka nuna wanda kake so a auna a gasa maka. Autar ta ƙi ci, wai kifin yana kallonta. Ta tsakiyar kuwa ta cika aljihun rigar sanyinta da bawon katantanwar teku, wanda warinsa ya bi mu har Alƙahira.

Mun dawo Kano muka tarar da hazo ya rufe gari, jirginmu ma sai da ya yi jinkirin sauka. Washegari na je gidanmu na cikin birni, na sa aka buɗe akwatin ƙarfen mahaifina. Burdarsa na nan cikin gafaka, rubutun hannu, da jan tawada a farkon kowane fasali, sai dai gara ta cinye gefen ƙasa na kusan rabin warƙoƙin. Na kai wa wani mai gyaran littattafai, na biya ta Kurmi na sayi bugu na zamani mai wasali guda uku.

Juma'a shida ke nan muna zama bayan sallar asuba. Mun kai baiti na 19. Babban yana ƙorafin sanyi da barci, kuma har yanzu bai ce yana so ba. Ta tsakiyar ce ta fi shi saurin hadda, ita da ba ta ma ga bangon da kyau ba daga ɓangaren mata. A baiti na 14 ni kaina na kakare, sai da na leƙa takarda.